Hira Ce Ko Alkawari?

Duk wanda ya taɓa zama a zauren Sarkin Hausawa, ko na Sabon Badun ne, ko Shagamu, ko Agege ta Ikko, ya san akwai wata irin ƙara wadda ba a daɗewa ba a kawo irinta ba. Mutum biyu ne za su shigo, su tuɓe takalma, su durƙusa su yi gaisuwa, sa'an nan na farko ya ce wancan ya yi masa alkawarin zai sayar masa da rumfarsa, ko zai ba ɗansa auren 'yarsa, ko zai ranta masa jari bayan Salla, ga shi yanzu ya juya masa baya. In aka waiwayi na biyu aka ce ya amsa, ba ya musa ko kalma guda. Sai ya ce, "Ranka ya daɗe, duk abin da ya ce na faɗa, na faɗa. Amma ai hira muke yi."

Wannan ƙara ta fi ta bashi wuyar yankewa. A shari'ar bashi, ko dai ɗaya na ƙarya, ko kuwa ɗaya ya manta. A nan kuwa babu maƙaryaci, babu mai mantuwa. Kunnuwansu sun ji kalmomi iri ɗaya, sai dai shi wannan yana zaune ne cikin hira, wancan kuwa yana tsammanin ana ƙulla magana ne. Da yawa daga cikin zumuncin da ya tsinke, da auren da ya mutu, da cinikin da ya ɓaci, in aka bi sawunsu a nan za a tarar sun soma, watau an zauna wuri ɗaya an yi magana, amma kowa da irin zaman da ya ɗauka ana yi.

Harshen Hausa bai yi rowar sunaye ba a wannan fanni. Akwai hira, wadda Sakkwatawa ke ce wa fira, akwai taɗi, akwai zance, akwai shawara da ganawa da raɗa. Ga gardama da musu da jayayya da cacar baki, ga ba'a da zolaya da barkwanci, ga habaici da zambo da gugar zana, balle gulma da tsegumi da annamimanci. Wanda ya buɗe babban ƙamus ɗin nan da Bargery ya wallafa a 1934 zai tarar da galibinsu tun a wancan zamani, kowace da ma'anarta. Mutane ba su raɗa wa abu guda suna ashirin don nishaɗi. Sun raɗa ne domin kowace ɗaya tana da dokarta, da wurin yinta, da abin da ake bin mutum in ya shige ta.

A fara da gaisuwa, tun da yake da ita kowace magana ke farawa. Mutumin da ya kwana bai runtsa ba saboda ciwon haƙori, in aka ce masa "Ina kwana?" sai ya ce "Lafiya lau." Wanda ya sauko daga bayan babbar mota bayan kwana biyu kan hanya, in aka ce "Ina gajiya?" sai ya ce "Ba gajiya." Wanda gobara ta cinye shagonsa jiya, in aka ce "Ina labari?" amsarsa ita ce "Sai alheri." Babu mai kiransu maƙaryata, domin kowa ya san ba labari ake nema ba. Wani masanin al'adun mutane, Malinowski, wanda ya zauna shekaru a tsibiran Trobriand na tekun Fasifik, ya rubuta a 1923 cewa akwai irin maganar da aikinta kawai shi ne ta ɗaura zumunci tsakanin masu yinta, ba ta ɗauke da wani saƙo. Gaisuwar Bahaushe ta shiga cikin wannan, sai dai tana da wani sirri nata. Ko da yake kalmominta ba su sākewa, tsawonta da sautinta suna ba da labari. Maƙwabcin da ya saba tsayawa ya tambayi iyali da yara da kasuwa da sanyi, ran da ya ce "Sannu" ya wuce, to, akwai magana a ƙasa, kuma mai hankali ba zai bari ta kwana ba.

Inda rashin gane gaisuwa ke zama haɗari shi ne asibiti. Tun da aka kafa aikin bautar ƙasa a 1973, likitoci matasa 'yan Kudu suke zuwa garuruwan Arewa, su koyi 'yar Hausar da za su yi aiki da ita. Likita ya tsaya bakin gado ya ce "Yaya jiki?" Majiyyaci ya ce "Da sauƙi," ko da kuwa ciwon ƙaruwa ya yi cikin dare, domin a wurinsa gaishe shi aka yi, kuma cewa "babu sauƙi" kamar butulci ne ga Allah. Likita kuwa tambaya ya yi, ya sami amsa, ya rubuta. Tsofaffin ma'aikatan jinya sun san maganin wannan. Sukan bari gaisuwa ta ƙare tukuna, sa'an nan su sauke murya su ce, "To, Baba, yanzu nuna mini inda ke maka ciwo." A nan ne ake jin gaskiyar jikin.

Hira kuwa ita ce maganar da ba ta bin kowa bashi. Wurinta zaure ne bayan lisha, ko gindin bishiya da la'asar, ko teburin mai shayi. A cikinta mutum na iya cewa baɗi zai sauke farali, ko zai sayi babbar mota ya riƙa ɗauko goro daga Shagamu, ko kuwa ya dubi ɗan abokinsa ya ce, "Wannan yaro ai na ba shi Hajara." Babu mai riƙe shi da wannan, domin ana auna magana ne a baki, ana jin daɗinta, ba yanke ta ake yi ba. Dokar hira ita ce kada mutum ɗaya ya cinye fili, kada kuma a tsare mai magana da "yaushe?" da "nawa?" da "wa ya gaya maka?" Wanda ya faye yin haka akan ce ya ɓata hira, kuma sannu a hankali zai ga ana tashi in ya zo.

Amma fa ba kowace hira ce ta zo hannu rabbana ba. Alhaji Abubakar Imam ya gina littafin farko na Magana Jari Ce, wanda ya fito a 1937, a kan wannan. Aku yana ba ɗan sarki Musa labarai dare bayan dare, Musa na tsammanin hira ce, alhali kuwa aiki akun ke yi, yana tsare shi ne kada ya fita ya faɗa tarkon Waziri. Irin wannan tana nan a kowace unguwa. Baƙo ya zo ya zauna, a yi maganar ruwan bana da farashin gero da rasuwar wane, a sha fura, ya yi sallama, maigida ya tashi yi masa rakiya. Sai an kai bakin titi, an rabu da sauran kunnuwa, sa'an nan ya ce, "Af, na kusa mantawa." Abin da ya biyo bayan wannan kalma shi ne ya kawo shi tun farko, kuma bai manta da shi ba ko na daƙiƙa guda. Shi ya sa dattawa ba su gajarta rakiya. Maigidan da ya tsaya a bakin zaure ya ce "Sauka lafiya" ya hana ɗan'uwansa faɗin buƙatarsa, kuma mai yiwuwa ne bai ma san ya yi ba.

Zancen saurayi da budurwa ɗan'uwan hira ne, sai dai ya fi ta yaudarar masu yinsa. Abin da aka faɗa a ƙofar gida da dare, da toshi a hannu, yana da daɗi, amma ba shi da nauyi sai ran da manya suka shiga, aka kai gaisuwa, aka sa rana. Iyaye sun san wannan. 'Ya'ya ne ke koyonsa da hawaye.

Daga nan sai maganar da ita kanta aiki ce. A duba ɗaurin aure. Wakilin ango ya nema, waliyyin amarya ya ce ya bayar, wakili ya ce ya karɓa, a faɗi sadaki a gaban shaidu, liman ya yi addu'a, maroƙi ya ɗaga murya ya shaida wa jama'a. Duka-duka bai kai minti goma ba, amma mutum biyu da safiyar ranar ba su halatta ga juna ba sun zama miji da mata. Kalmar "na ba shi" da aka faɗa a nan ita ce dai aka faɗa bara a gindin bishiya, amma waccan iska ta ɗauke ta, wannan kuwa ta ɗaure zuriya biyu. Wani malamin falsafa na Jami'ar Oksfod, J. L. Austin, ya ba da laccoci kan wannan al'amari a Amurka a 1955, aka buga su littafi a 1962 bayan rasuwarsa. Abin da ya nuna shi ne, akwai kalmomin da faɗarsu ita ce aikata su, muddin wanda ya dace ne ya faɗe su, a wurin da ya dace, a gaban waɗanda suka dace. Malaman fiƙihu sun riga shi zuwa nan da ɗaruruwan shekaru, domin sun daɗe suna gargaɗi cewa aure da saki ba su cikin abubuwan da ake wasa da lafazinsu. Magidancin da ya saki kalma a tsakar gida, gari ya waye ya ce ai tsokana yake yi, yakan tarar da cewa sai ya dangana da zauren malam kafin ya san matsayin gidansa.

Ciniki ma haka yake, sai dai shi yana da dogon share fage wanda ya yi kama da wasan kwaikwayo. Mai kaya ya sa suna, mai saye ya taya, mai kaya ya ce "Albarka." Baƙon harshe yakan ji wannan kalma mai daɗi ya soma laluben aljihu, bai san an ƙi tayinsa ba ne. Mai saye ya kushe kayan, mai kaya ya ce ko uwar kuɗi ba a kai ba, mai saye ya juya kamar zai tafi, a kira shi ya dawo. Duk wannan ba a riƙe kowa da shi. Amma da zarar an ce "Na sallama," magana ta sāke iri. Wanda ya janye bayan sallama ya yi abin kunya, kuma kasuwa ba ta mantawa.

Yadda wannan kalma ke da nauyi ya bayyana sosai a Sabon Badun, unguwar da aka keɓe wa Hausawa tun 1916. Wani masani, Abner Cohen, ya zauna cikinsu a farkon shekarun 1960, ya wallafa littafi a kansu a 1969. Ya tarar cewa a wancan lokaci ana sayar da shanu kimanin 75,000 kowace shekara a karar Badun, kuma galibinsu bashi ake ba mahauta Yarabawa, babu takarda, babu sa hannu, babu banki a tsakani. Falke ya kawo shanunsa daga Arewa ya sauka wurin maigidansa, dillalan maigida su sayar, maigida ya tsaya a kan kuɗin. In mahauci ya ƙi biya, maigida ne zai san yadda zai yi da baƙonsa, shi kuwa mahaucin ba zai ƙara samun saniya bashi a karar ba sai ya wanke kansa. Mutanen nan suna zama tare su yi hira da ba'a da gardama yini guda, amma babu wanda ke rikita waɗannan da kalma biyun da ake faɗa a kan saniya a gaban dillali. Da sun rikita su, da cinikin bai yi shekara ba.

Akwai kuma wata 'yar ƙaramar kalma da ta haddasa rashin fahimta tsakanin Hausawa da maƙwabtansu na Kudu fiye da kowace, ita ce "to." Bahaushe ba ya son ya dubi idon mutum ya ce masa a'a, balle in babba ne ko baƙo. Sai ya ce "To," ko "Sai na duba," ko "Bari in yi shawara," ko "Allah ya kai mu." Akwai "to" na yarda, akwai "to" na "na ji abin da ka ce," akwai kuma "to" mai ja wanda gargaɗi ne. Haka ma a fada, in aka ce Sarki ya ji, ba a ce Sarki ya yarda ba. Ɗan kasuwar Anacha ko na Ikko da ya saba da a ce masa e ko a'a kai tsaye yakan tashi da murna, bayan mako biyu ya ce an yaudare shi. Bahaushen kuwa yana ganin ya rufa masa asiri ne da bai kunyata shi a gaban yaransa ba, har ma yana mamakin rashin kunyar wanda ke iya cewa "ba zan yi ba" a fuskar mutum. Kowanensu bai yi wa ɗan'uwansa adalci ba. Hanyar ganewa kuwa ba ta da wuya ga wanda ya lura. Yarda ta gaske tana zuwa da rana da adadi, kamar a ce "Ka zo ran Laraba bayan azahar, ka taho da buhu ashirin." In babu rana, babu adadi, sai addu'a kawai, to, an sallami mutum ne cikin mutunci.

Wasa shi ya fi kowace irin magana ban mamaki, domin a cikinsa ne ake faɗin mafi munin kalmomi don a nuna mafi kusancin zumunci. Kaka tana kiran jikanta namiji mijinta, ta ce ya bar ta da yunwa, tana kiran jikarta kishiya. Ƙanen miji yana tsokanar matar wansa. Taubasai, watau ɗan mace da ɗan namiji, suna yi wa juna ba'a tun suna yara har tsufa, ga kuma kuɗin shara da ake karɓa tsakaninsu a watan cika-ciki. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta aka buga a 1954, ta yi bayanin yadda gida ɗaya ke ɗauke da waɗanda ake wasa da su da waɗanda ake jin kunyarsu, har uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari. Yaro yana tasowa yana koyon wa zai tsokana, wa zai sunkuyar wa kai, tun kafin ya san dalili.

Wasan bai tsaya a cikin gida ba. Akwai shi tsakanin Fulani da Barebari, da Kanawa da Zage-zagi, da Katsinawa da Nufawa, da Gobirawa da Yarabawa, da Fulani da Tibi, da maƙera da Buzaye. A ɗauka mota ce ta taso daga Maiduguri za ta Ikko. Bafillace ya gane wanda ke kusa da shi Babarbare ne, sai ya ce da direba don me aka zaunar da bawansa kusa da shi. Wancan ya mayar masa da wadda ta fi ta zafi. Fasinjan da bai san al'adar ba sai ya soma neman ƙofa, yana tsammanin za a zaro wuƙa. Kafin a kai Potiskum kuwa sai ya ga sun ɓare goro ɗaya, kuma in ɗaya ya rasa kuɗin abinci a hanya, ɗayan ne zai biya yana gori. Radcliffe-Brown, wani masani ɗan Ingila, ya rubuta a 1940 cewa irin wannan dangantaka raini ne da al'ada ta halatta, wanda ake yi tsakanin mutanen da ke kusa da juna amma akwai abin da zai iya raba su. A 2014 Hukumar UNESCO ta sa wasan barkwancin Jamhuriyar Nijar cikin jerin al'adun gado na 'yan Adam, saboda aikin da yake yi wajen kashe wutar rikici. Lalle kuwa yana yi. Abokin wasa na iya shiga tsakanin masu faɗa ya faɗi abin da in wani ne ya faɗa sai an kai ga alkali, ya kuma gaya wa babban mutum laifinsa a gaban jama'a a yi dariya, shi kuwa babban ya koma gida ya yi tunani.

Sai dai wasan yana da sharuɗɗa. Na masu shi ne kaɗai, domin kalmar da Bagobiri zai gaya wa Bayarabe a yi dariya, in wani ne can ya are ta, zagi ce tsagwaronta. Wanda ya yi fushi kuma shi ya faɗi. To, a wannan sharaɗi na biyu ne mugu ke fakewa. Yakan zaɓi raunin da ya san mutum na ɗauke da shi da gaske, rashin haihuwa ne, ko karayar jari, ko wani abin kunyar gidansu, ya soka a gaban jama'a, in fuska ta sāke sai ya ce, "Haba, wasa fa nake yi." Wannan da mai cewa "hira muke yi" bayan ya san sarai an dogara da maganarsa, uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Dukansu sun yi magana iri ɗaya ne, suka sa mata rigar wata don kada a kama su. Sarkin Hausawan da ya iya aikinsa ya san akwai mai cewa hira ce da zuciya ɗaya, akwai kuma mai fakewa, kuma rarrabe su shi ne rabin hukuncin.

Habaici kuwa magana ce mai mai ita amma ba suna. Mace na daka tana yi wa taɓarya magana, ko tana yi wa kaza faɗa cewa ta faye shiga ɗakin da ba nata ba, kowa a gidan ya san da wa ake. Ana ɗaukarsa mugun hali, kuma sau da yawa hakan ne, amma yana da amfanin da ba a cika faɗa ba. Gargaɗi ne da ke barin ƙofa a buɗe. Wadda aka yi dominta tana iya gyarawa ba tare da ta amsa laifi ba, mai yin kuma tana iya cewa ita da kazarta take. In aka tanka, an rufe ƙofar, habaici ya zama faɗa, sa'an nan a ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Gulma da bincike su ma kalmominsu kan zo ɗaya. A ce wane ba ya riƙe amana, in an faɗa a teburin mai shayi don a ji daɗi, cin nama ne. In kuwa uban yarinya ne ya zo a asirce yana tambayar halin mai neman 'yarsa, ɓoye masa shi ne cin amana.

Wata irin magana da magidanta suka fi kasa ganewa ita ce kuka. Mutum ya zo yana ba da labarin asarar da ya yi, ko uwargida tana faɗin abin da dangin miji suka yi mata, ba shawara ake nema ba, ba kuma hukunci ba. Ana neman wanda zai saurara ne ya ce "Sannu, Allah ya mayar da alheri." Mai amsawa da "Ai da ka yi kaza" ko "To, me kike so in yi?" ya ba da amsar tambayar da ba a yi ba, kuma yakan rasa dalilin da ya sa aka tashi ana fushi da shi alhali shi taimako ya yi niyya. In shawara ake so, akan nemi wuri a keɓe, a ce "Yaya ka gani?" Zaman makoki ya koyar da wannan a fili. Mai zuwa ta'aziyya ya ce "Yaya haƙuri?", ya yi wa mamaci addu'a, ya zauna shiru kaɗan, ya tashi. Wanda ya tsaya tambayar wane asibiti aka kai shi, don me ba a kai shi da wuri ba, ya taɓa mutane inda ke musu ciwo. Maganar bashi ma tana da lokacinta, domin akan sanar a wurin jana'iza cewa mai bin mamaci ya ga magada, ba a kan tabarmar gaisuwa ake lissafi ba.

Duk waɗannan iri-iri na magana, abin da ke bambanta su a da shi ne wuri, da lokaci, da fuska, da murya, da waɗanda ke zaune. Tun da wayar hannu ta soma yaɗuwa a Nijeriya a 2001, balle da aka koma aika saƙo a rubuce da naɗar murya ta WhatsApp, waɗannan alamu sun ragu ƙwarai. "To" a rubuce ba shi da ja, ba shi da sauti, mai karɓa ne zai sa masa wanda ya ga dama. Ba'ar da taubashi ya aika wa taubashinsa tana iya wayar gari a wayoyin mutane dubu da ba su san dangantakarsu ba, a wani gari da ake zaman ɗar-ɗar tsakanin ƙabilu. Hira kuma, wadda a da iska ke ɗauke ta kafin a naɗe tabarma, yanzu tana kwana ta tashi, har Dokar Shaida ta 2011 ta ba manyan kotuna damar karɓar abin da ya fito daga irin waɗannan na'urori bisa wasu sharuɗɗa.

Saboda haka aikin masu sulhu ya ƙara nauyi. A da, in aka kawo ƙarar nan ta hira ko alkawari, tambayoyin dattijo ba su wuce huɗu ko biyar ba. A ina kuka yi maganar? Wa da wa ke wurin? An faɗi rana? An faɗi kuɗi? An shafa Fatiha ko an raba goro? In a teburin mai shayi ne, babu rana, babu adadi, sai a ba mai ƙara haƙuri, a kuma ja kunnen ɗayan ya riƙa tauna magana. In kuwa an kira mutum biyu sun shaida, an ambaci wata da kuɗi, to, sai ya cika ko ya nemi afuwa a gaban waɗanda suka ji. Yanzu kuwa mai ƙara yakan zaro waya ne daga aljihu ya ajiye a kan buzu, a kunna muryar abokinsa tana cewa "Kada ka damu, rumfar nan taka ce." Dattijo ya sa a maimaita sau biyu, yana kasa kunne ko zai ji dariya a ƙarshen maganar, ko ƙarar cokali a kofin shayi daga baya. Sa'an nan ya tambayi mai wayar abin da shi ya faɗa kafin wannan, da abin da aka amsa masa bayanta, domin galibi guntun da ya yi masa daɗi kaɗai ya ajiye.